Sabon Kafireto a Motar Mama

Motar Mama ta girme ni. A cikinta aka ɗauko ni daga asibiti ina jariri, kuma in ka ji ta bakin Baba, Mama ce ta tuƙo mu da kanta, shi yana kujerar baya rungume da ni yana addu'a. Baba bai taɓa koyon tuƙi ba. Ya ce a gida ɗaya direba ɗaya ya isa, shi aikinsa ya zauna a gefe, ya riƙe mariƙin ƙofa, ya riƙa cewa "a hankali". Har yau wannan aikin yake yi, kuma bai taɓa fashi ba.

Shuɗiya ce, mai ƙofa huɗu, da bamba ta ƙarfe mai ƙyalli da kujeru masu faɗi kamar na falo. Mama ta saye ta da guminta lokacin tana aikin jinya, shi ya sa har gobe 'yan unguwa Sista suke kiranta, Baba ma haka yake ce mata in yana neman tsokana. Irin motocin nan ne da yanzu samari ke tsayawa a titi suna ɗaukar hotonsu, wasu har su leƙo ta taga su tambaya ko ta sayarwa ce. Mama takan dube su daga sama har ƙasa, ta ɗaga gilashi. Da ita take zuwa kasuwa, da ita take zuwa gidan ƙanwarta a can ƙarshen gari, da ita take zagaya tsoffin abokan aikinta waɗanda ciwon ƙafa ya zaunar. Ba ta jiran kowa ya kai ta ko'ina. Makullin kullum yana cikin jakarta, a aljihun da take sa tabarau.

Ni ne auta, kuma ni ne bakanike a gidan. Ina da gareji nawa na kaina, amma gaskiya motocin yanzu sun cire min daɗin sana'a. Ka jona na'ura, ta faɗa maka abin da ya lalace, ka cire ka jefar, ka sa sabo. Ko hannunka ba ya yin baƙi yadda ya kamata. Motar Mama ce kaɗai ta rage min wadda ake gyarawa da kunne da hanci da 'yar sukudireba, shi ya sa ba na yarda wani ya ɗaga mata bonet. Ina da kishi a kanta, kuma ba na ɓoyewa.

Matsalar a hankali ta faro. Sai motar ta riƙa mutuwa duk inda aka tsaya, a danja, a bakin get, a mahaɗar hanya. Na san ciwon. Kafireto ne, wato abin da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga injin. Na wanke shi, na hure shi, na canza abin da ake canzawa, ya yi kwana biyu ya koma gidan jiya. Sandar da ke buɗe maƙogwaronsa ta cinye mazauninta, iska tana satar hanya ta gefe, duk yadda ka murɗa sukuru ba ya jin magana. Motar tana tsaye tana kakkarwa kamar mai zazzaɓi, can sai ta yi shiru. Mama ko a jikinta. Da ta mutu sai ta kai hannu ta murɗa makulli, ta tashi, su ci gaba da tafiyarsu.

Sai ranar da ta mutu mata a tsakiyar shataletale, tirela na biye da ita. Direban ya taka birki har tayoyinsa suka yi hayaƙi, ya tsaya saura ƙiris. Ba wanda ya ji ciwo, ko fenti bai kankaru ba. Amma wani da ya san mu yana wurin, kafin Mama ta iso gida ya riga ya buga wa Yaya waya.

Yaya shi ne babbanmu, yana da kantin magani. Ba mugu ba ne, mutum ne mai yawan tsoro a kan nasa, irin wanda in ka yi tari sau biyu a waya sai ya aiko maka da kwalba. Ya rufe kanti ya zo, ni ma aka kira ni. Muka zauna a falo, ya daɗe yana kallon kafet kafin ya yi magana.

"Mama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa," in ji shi. "Tuƙin nan ya isa haka. Ki ba ni makullin, in samo miki direba, duk inda kike so ya kai ki."

"Ya kai ni gidan ƙanwata ya zauna a waje yana duba agogo?" ta ce. "Ba ni ce na mutu a shataletale ba. Mota ce."

"Mota ce a hannunki, Mama."

Baba, da ke gefe da rediyonsa, ya rage murya ya ce shi dai a duba nasa lamarin, don in aka kawo direba bai san wa zai riƙa ce wa "a hankali" ba. Ba wanda ya yi dariya sai ni, ni ma na haɗiye ta da sauri.

Na ce wa Yaya laifin na kafireto ne, ya ba ni 'yan kwanaki in samo sabo in sa. Ya ce ya daɗe yana jin wannan maganar daga bakina. Gaskiyarsa ce. A ƙarshe muka tsaya a kan haka: in gyara, ranar hutunsa ya zo ya shiga baya, Mama ta tuƙa mu ta wannan shataletalen. In motar ta mutu a hannunta, makulli ya koma wurinsa, ba sauran magana. Mama ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ta ƙi ba. Ta dai ɗauki jakarta daga kan tebur ta ɗora a cinyarta. Na ji tausayinta, na kuma ji haushin Yaya, duk da na san tsoro ne ke cinsa.

Samun kafireton irin wannan mota ba ƙaramin yawo ba ne. Duk shagon da na shiga sai a yi min dariya, a ce in je gidan tarihi. A ƙarshe aka kwatanta min wani tsoho mai sayar da kayan gyara a bayan kasuwa, shagonsa ƙuntatacce kamar lungu, kantoci har rufi. Na ajiye masa lambar da na kwafo a jikin tsohon kafireton. Ya karanta, ya dube ni, ya jawo tsani ya hau. Ya sauko da wani kwali da ya fara rubewa, a ciki ga shi nan naɗe cikin takarda mai maiƙo, sabo dal, ba a taɓa ɗaura shi a mota ba.

"Na san wata rana wani mahaukaci zai zo nemansa," in ji tsohon.

Na ce masa na gode da shaida, na rungumo kwalina na fito.

Washegari da safe na yi shimfiɗar kayan aiki a rumfar mota ta gidan su Mama. Baba ya jawo kujera ya zauna kusa, don bai taɓa barin rashin sani ya hana shi ba da shawara ba. Na cire kan batir tukuna, saboda inda fetur yake ba a wasa da tartsatsi. Na kwance tukunyar tace iska na ajiye gefe, na zare tiyon mai na toshe bakinsa, na saki wayar totur da ta cok. Noti huɗu ne suka riƙe kafireton. Uku suka fito da daɗin rai, na huɗun, wanda ke can ƙuryar da hannu ba ya kaiwa, ya ce shi ba inda za shi. Na zuba masa mai na bar shi ya jiƙa, na koma da ƙaramar sifana ina lallaɓa shi har ya saki. Ya tafi da fatar yatsana, amma ya saki.

Da na ɗaga tsohon, nan take na cusa tsumma mai tsabta a ramin da ya bari. In wani ɗan noti ya faɗa nan ba ka gani ba, ka gama da injin. Sannan na kankare tsohon gaskit a hankali da reza, har ƙarfen ya fito fes yana ɗaukar ido.

"Wancan fa, jefar da shi za ka yi?" in ji Baba, yana nuna tsohon kafireton da ƙafa.

"Sai dai a ajiye shi ado, Baba."

"Haka ake yi mana," ya ce, ya gyara zama.

Kafin in ɗaura sabon, na buɗe cikinsa na duba 'yar tulluwar da ke tsayar da mai in ya cika, na auna tsayinta, na ɗan lanƙwasa harshenta har ta zauna daidai. Na zare tsumman, na sa sabon gaskit, na zaunar da kafireton a kai, na riƙa ɗaure notin a gicciye, wannan kaɗan, na kusurwarsa kaɗan, don kada gindin ya karkace. Na mayar da tiyo da wayoyi. Na sa Baba ya shiga ya taka totur har ƙasa in ga ko maƙogwaron yana buɗewa duka. Ya shiga kujerar direba da taka-tsantsan kamar wanda ya shiga ɗakin surukai, ya tambaye ni wanne ne totur a cikin ukun.

Daga nan sai ɓangaren da na fi so. Sukuru biyu ne ke mulkin mota in tana tsaye ba a taka mata komai ba, abin da mu kanikawa muke kira silo. Ɗaya shi ke ƙayyade saurin injin, ɗayan shi ke ƙayyade yawan man da ke shiga cikin iskar. Na murɗa na man har ya taɓa ƙasa, a hankali don kada in ɓata masa tsini, na dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Na mayar da batir, na ja cok, na murɗa makulli. Ta yi tari sau ɗaya, ta kama.

Na bar ta ta yi zafi sosai, don wanda ya daidaita injin mai sanyi ya yi aikin banza. Sannan na sunkuya na kara kunne. Na buɗe sukurun mai kaɗan, injin ya ɗaga murya. Na ƙara, ya fara nauyi, salansa ta fara warin ɗanyen fetur. Na dawo baya, na wuce, ya fara tsallake bugu kamar mai jin yunwa. Tsakanin nan biyu akwai wani ɗan wuri da bai kai faɗin farce ba, nan nake nema. Da na same shi na sauke saurin, na sake nema, na sake saukewa. Ban san lokacin da rana ta bar rumfar ta koma bayan gida ba. Rabona da jin daɗin aiki irin wannan har na manta.

Da na gama, wallahi sai ka rantse ba a kunne take ba. Na ɗauki kofin shayin Baba na ɗora a kan tukunyar iska, shayin ko motsi bai yi ba. Na tsaya ina kallonsa, kaina ya yi girma. Na ɗauki hoto na tura wa Yaya, na rubuta masa cewa ya fara neman wa direbansa wani aikin. Baba ya ce in ba shi shayinsa kafin ya huce.

Ana gobe Yaya zai zo, na ce wa Mama mu fita gwaji. Na zauna a gaba, Baba ya koma baya yana mitar an ƙwace masa matsayi. Motar ta tashi da murɗa ɗaya. Mama ta fitar da ita daga get kamar yadda ta saba, hannu ɗaya a sitiyari, ido a madubi, giya na shiga mata ba ko ƙara. Na jingina da kujera ina murmushi ni kaɗai.

A danjar farko ta tsaya. Ina kallon waje, sai na ji wata ƙara mai cin rai daga injin, ƙarar da duk bakanike ya tsana, ta kik da aka murɗa a kan injin da ke aiki. Mama ta firgita, ƙafarta ta zame daga kan kuloci, motar ta yi tsalle gaba ta mutu. Na baya suka fara danna hon.

"Mama, ai a kunne take," na ce.

"Ta mutu."

"Yanzu dai ta mutu."

Ta tayar da ita muka wuce, fuskarta a ɗaure. Na ce a raina kuskure ne, hannu ne ya saba. Amma a mahaɗa ta gaba na bar kallon titi na zuba mata ido. Ta taka birki, motar ta tsaya. Sai na ga ta ɗan karkata kai wajen gaban mota. Ta buɗe tafukanta ta sake damƙe sitiyarin, kamar mai taɓa goshin yaro tana neman zafi. Sannan hannunta na dama ya nufi makulli. Na riƙe shi kafin ya kai.

"Tana aiki, Mama."

Ta dube ni kallon wanda ake yi wa ƙarya.

"Taɓa totur ki ji."

Ta taɓa, injin ya amsa. Ta juya kan motar muka koma gida, ko Baba bai ce "a hankali" ba. Ta ajiye ta a rumfa, ta zare makulli, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Na tsaya a gaban motar kamar an dasa ni. Baba ya fito daga baya a hankali, ya dafa ƙofa.

"Kunnenta ne," ya ce. "Ya daɗe. In kana gabanta tana ganin bakinka, ba abin da zai wuce ta. Hon ma tana ji. Ƙananan sautuka ne suka tafi. Ni kam na daɗe ina faɗar abin da na ga dama a bayanta."

"Me ya sa ba ka faɗa mana ba, Baba?"

"Sirrina ne da zan faɗa?" Ya buga bonet ɗin da tafin hannu. "Motar nan da hannu take jin ta. In sitiyari yana rawa, ta san da rai. In ya tsaya, ta san ta mutu, sai ta murɗa. Kai kuma ka zo ka yi mata gyaran da ta yi tsit kamar ɗakin marasa lafiya."

Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba, shi ne zai raba Mama da motarta. Na san akwai jar fitila a gaban direba da ke kamawa in injin ya mutu, amma je ka koya wa hannun da ya yi shekara da shekaru yana abu ɗaya cewa ya jira fitila, kuma kafin gobe. Na kuma tambayi kaina tsakani da Allah ko Yaya ne mai gaskiya. Na tuna yadda ta tuƙa ɗazu. Idonta garau yake, madubi ba wanda ya kai ta dubawa, ba ta taɓa shiga gaban kowa ba. Abu ɗaya ne ya ɓace mata, kuma ni na ɗauke shi da sukudirebata.

Na yi sallama a ƙofarta na shiga. Tana zaune a bakin gado, makullin yana ajiye a gefenta a kan zanin gado, ba cikin jaka ba.

"Ɗauki ka kai wa yayanka," ta ce. "Kada ya sha wahalar zuwa gobe."

Na matso inda za ta ga fuskata sosai. "Aikin bai ƙare ba, Mama. Ina neman wanda zai riƙe min sitiyari."

"Ubanka na nan."

"Baba bai san totur ba."

Ba ta yi dariya ba, amma ta ɗauki makullin ta tashi.

Na sa ta zauna a mazauninta, ta tayar da motar, ta ɗora hannu biyu a sitiyari. Na ce kada ta taka komai, ta dai faɗa min lokacin da ta ji ta. Na ɗaga bonet na sunkuya. Da yake ba ma ganin juna, Baba ya tsaya a tsakani, kafaɗa ɗaya wajen taga, ɗaya wajena, ya zama ɗan aike. A rayuwarsa ba a taɓa ba shi muƙami a harkar mota ba, sai ya ɗauke shi da muhimmanci.

Na ɗaga saurin injin kaɗan.

"Ta ce ba ta ji komai ba."

Na ƙara.

"Ta ce ka yi yawa, ba jirgi za ta tuƙa ba, kuma duk da haka hannunta bai ji ba."

Na gane sauri kaɗai ba zai yi ba, ƙara yake yi ba rawa ba. Na dawo da shi, na bar shi sama kaɗan da inda yake da farko. Sannan na kai bakin sukudireba kan sukurun mai, wurin nan da na ɓata wuni ina nema. Na daɗe hannuna a kai ban murɗa ba. Na buɗe shi ƙiris. Injin ya ɗan yi nauyi. Na ƙara ƙiris, sai ga wata 'yar gurgunta ta shigo cikin bugun, mai zuwa tana komawa. Kowane bakanike da ya wuce ta titinmu ya ji wannan zai ce wani ɗan koyo ne ya taɓa motar. Na ji abin har cikin haƙorana.

"Ta ce tana zuwa," in ji Baba. "Ta ce ƙara ɗan mitsitsi."

Na ƙara ɗan mitsitsi.

Wannan karon ba sai da ɗan aike ba, muryarta na ji daga cikin motar. "Nan. Ga ta nan. Kada ka ƙara taɓawa."

Na zagayo na leƙa. Idonta a rufe, hannayenta a kan sitiyari suna ɗan motsi tare da shi, fuskarta ta saki. Ban bar shi haka ba sai da na tabbatar rawar ba ta mutuwa ba ce. Na kunna fitilu duka, na sa ta taka birki ta saki, ta murɗa sitiyari har ƙarshe, ta ba da wuta ta sake farat ɗaya. Duk yadda muka yi, injin ya dawo ya zauna daram yana 'yar gurguntarsa. Za ta ɗan ƙara shan mai, fulogi za su riƙa neman goga kafin lokacinsu. Wannan kuwa aikina ne, kuma ina so.

Yaya ya iso washegari da hantsi, ya shiga baya, ni ina gefensa, Baba ya karɓi matsayinsa a gaba. A danja Mama ta tsaya, na zuba wa hannunta na dama ido. Bai bar sitiyari ba. A shataletale muka tarar da cunkoso, ta tsaya a daidai bakin shiga, wata bas ta matso har tana cika mana madubi. Muka daɗe a nan. Yaya ya riƙe bayan kujerar Baba da hannu biyu. Da hanya ta buɗe Mama ta sa giya, ta shige, ta zagaya, ta fita ta ɗaya gefen kamar ba komai. Maimakon ta miƙe, sai ta sake juyowa ta zagaya karo na biyu, ba wanda ya sa ta.

"A hankali," in ji Baba, da murya mai daɗi.

Yaya ya sauke numfashi, ya saki kujerar. Da tsoro ya sake shi sai bakinsa ya buɗe.

"Auta, wannan ne sabon kafireton da ka cika mu da baki a kansa? Ina shayin da ka turo min hotonsa? Kujerar nan sai rawa take da ni."

Na kusa faɗa masa gaskiya. Baba ya yi wani tari da ba na ciwo ba.

"Iyakar iyawata ke nan, Yaya," na ce.

Ya yi dariya har da buga gwiwa, ya ce to shi dai motarsa ba za ta ga ƙofar garejina ba. Na bar shi ya ji daɗinsa.

A ƙofar kantinsa Mama ta tsaya. Kafin ya fita ta juyo ta dube shi. "Kunnena ya yi nauyi," ta ce. "Ka nemo min likitan kunne mai kyau. Wannan kam aikinka ne, na bar maka."

Yaya ya dube ta, ya dubi hannunta a kan sitiyari, ya ce to, Mama, a satin nan. Ya roƙe ta ta riƙa kiransa in ta isa duk inda za ta, ta ce za ta duba. Ya fita yana lalubar waya, na san kafin ya kai bakin kanta ya fara neman likitan. Baba ya bi shi ciki karɓar maganin hawan jininsa.

Muka rage ni da ita, motar na ɗan rawarta a ƙarƙashinmu. Ba ta juyo ba, ta madubi ta dube ni.

"Na san ka ɓata aikinka."

"Ban ɓata ba, Mama. Daidaitawa na yi."

"Ka ɓata. Na ga fuskarka jiya, kamar an cire maka haƙori." Ta shafa sitiyarin da babban yatsa. "Ranar da hannuna ya daina jin wannan, ba sai an yi taro a falo ba. Ni zan kira ka da kaina, ka zo ka ɗauke ta, ka mayar da sukurunka inda ranka yake so."

Na juya ina kallon masu wucewa a bakin titi, sannan na matso gaba, na sa fuskata inda za ta gan ta a madubi.

"Ba na sauri, Mama," na ce.